Yadda Na Sallama Makullin Motata a Cikin Jirgin Yaƙi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ke fitar da matafiyi daga gidansa, Ya kuma mayar da shi.

Tun ranar da muka dawo Batsari daga ƙasar Ingila ban sami sakat ba. A ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a layin tantance 'yan fansho, tambayar ɗaya ce: "Hedimasta, yaya ƙasar Turawa?" Masu wayo kuwa sai su jira a watse, su matso kusa, su sassauta murya su ce, "Wai da gaske ne ka daina tuƙi?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, domin abin da na faɗa a Batsari da safe, kafin la'asar ya isa Safana da gishirin da ba ni na zuba ba. Saboda haka na ɗauki alƙalami in rubuta shi sau ɗaya, bisa tsarin da aka koya mana a kwalejin horon malamai: farko, tsakiya, ƙarshe. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Dole in fara da Dattijuwa, don ba a fahimtar tafiyar sai da ita. Dattijuwa ita ce farar motata, wadda na saya tun ina bakin aiki. Ta ɗauki amare, ta ɗauki marasa lafiya, ta ɗauko buhunan gero daga gonata ta Darini, kuma a duk shekarun nan hannun wani bai taɓa riƙe sitiyarinta ba sai nawa. To, kimanin shekara biyu ke nan na fara lura cewa ramukan hanya sun koyi ɓuya, awaki kuma sun daina fitowa ta inda mutum zai gan su. Mai ɗakina, Hajiya Rabi, ba ta ce mini komai ba. Sai dai ta bar kujerar baya ta dawo gaba, ta riƙa magana a hankali kamar mai jan carbi: "Rami. Akuya. Mai babur ta hagu." Ni kuma amsata ɗaya ce kullum: "Na gani."

Muna cikin wannan zama lafiya, ranar wata kasuwar Safana, Dattijuwa ta shafi kwandon wani mai tumatir. Ba wanda ya ji ciwo sai tumatir. Amma kafin mu iso gida labari ya riga ya ƙetare teku. Babbar 'yata, wadda ba zan kama sunanta ba saboda ita ce ta fari, amma Asabe ake kiranta a gida, ma'aikaciyar jinya ce a Ingila tare da mijinta. Ta bugo waya, ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, don Allah ka ajiye makullin nan. Ga Malam Iro nan kusa da ku."

Malam Iro maƙwabcina ne, tsohon direban ƙaramar hukuma, wanda ya daɗe yana kallon Dattijuwa kamar yadda mai kiwo ke kallon saniyar wani.

Na ce mata, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Na nesa kam kana hangowa, Alhaji. Na kusa ne ke ba mu wahala."

Bayan wata biyu sai ga takardun gayyata: mu zo mu ga jika, mu huta. Wanda ya yi shekara talatin da biyar yana sauraron uzurin ɗalibai ya san tarko in ya gan shi. Na san a can za a zaunar da ni, a kawo shayi, a roƙi makulli. Saboda haka na lulluɓe Dattijuwa da tamfol, na kulle ta, na jefa makullin a aljihun 'yar cikina, na ƙudurta cewa da shi zan tafi, da shi zan dawo.

Mun bar Batsari da hantsi, domin a zamanin nan ba mai hankalin da ke bin hanyarmu da sassafe ko da yamma. Motar haya muka shiga zuwa Katsina, daga nan wata zuwa Kano. Direban farko yana tuƙi da hannu ɗaya, yana cin gyaɗa da ɗayan. Na yi masa nasiha sau uku a kan canza giya. A karo na huɗu ya ce, "Baba, ko za ka karɓa ne?" Na fara gyara zama, Hajiya ta danne mini gefen riga da gwiwarta.

A filin jirgin sama, ƙofar binciken nan ta yi ƙara da na wuce. Na cire agogo, ta yi ƙara. Na cire alƙalami, ta yi ƙara. Daga ƙarshe na ciro makullin. Ma'aikacin ya juya shi a tafin hannunsa ya ce, "Baba, da motar za ku tafi?" Na ce masa mutum ba ya barin amanarsa a baya. Hajiya ta dubi rufin ɗakin.

Game da jirgin sama ba ni da abin faɗa mai yawa. An ba mu abinci a 'yan ƙananan akusa kamar na wasan yara, kowane da murfinsa, na buɗe su duka ban sami wanda zan kira tuwo ba. Mun yada zango a wata ƙasar Larabawa, muka yi salla, muka sake hawa. Abin da ya dame ni kawai shi ne matuƙin yana can gaba a kulle, ba a ganin yadda yake riƙe abin tuƙinsa.

A bakin iyakar Ingila wata mata ce ta karɓi fasfo ɗinmu. Ta tambaye ni dalilin zuwana. Na amsa mata da cikakkiyar jimla, da Turancin da aka koya mana da bulala, ba wanda yara ke taunawa yanzu ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce rabon da ta ji irin wannan Turanci tun kakanta yana da rai. Na karɓi wannan a matsayin yabo, kuma har gobe haka na ɗauke shi. Sai aka zo kan kaya. Suna da kare mai sansana jakunkuna, kuma a wurinsu ma'aikaci ne mai daraja. Da ya nufo jakar da sallayarmu take ciki, Hajiya ta ɗaga ta ta aza a ka, kamar mai shirin ƙetare rafi. Da ƙyar na fahimtar da su cewa ba wani abu muke ɓoyewa ba, tsarki muke karewa. Kilishin da muka yi wa Asabe guzuri dai an karɓe, don dokarsu ta hana shiga da nama, kuma sun faɗa mana cikin ladabi. Kukar miya ta wuce. Daddawa kuwa, jami'in ya buɗe robar, ya rufe ta nan take, ya miƙo mana da hannu biyu ya ce mu sauka lafiya.

Gidan Asabe siriri ne, ɗaki bisa ɗaki, ba zaure, ba tsakar gida. Wannan ya jawo wata matsala da Turawa ba su san da ita ba. A Batsari ni da surukina sai mu yi mako ba mu haɗa ido ba, ya durƙusa daga nesa, in amsa daga nesa, kowa da girmansa. A can kuwa matakala ɗaya ce, faɗinta bai wuce kafaɗa ba. Safiyar farko muka haɗu a tsakiyarta, yana saukowa ina hawa. Ya rasa inda zai durƙusa, na rasa inda zan kawar da kai. Muka tsaya muna gaisawa da bango. Daga ranar muka ƙulla yarjejeniya ba tare da magana ba: duk mai shirin hawa sai ya yi gyaran murya.

Gaisuwarsu kuma kalma ɗaya ce, ita ma a kan tafiya. Na iske maƙwabcinsu, wani dattijo, yana ba shukarsa ruwa. Na tsaya na tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, da sanyi. Ya ajiye butar, ya je ya ƙwanƙwasa wa Asabe ƙofa, ya tambaye ta ko wani abu ne ya faru. Da ta yi masa bayani ya ji daɗi ƙwarai. Washegari sai ga shi da kyauta daga lambunsa: tumatir cike da kwando. Hajiya ta karɓa, ta yi godiya, ta shiga kicin ta rufe ƙofa, amma ina jin dariyarta ta bango.

Lokacin zafinsu muka je, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiranta. Abincin da suke alfahari da shi kifi ne da dankali, ba yaji ba kayan ƙamshi, sai gishiri da ruwan tsami. Allah Ya saka wa Hajiya, wadda ba ta fita sai da ƙullin yaji a jakarta.

Mako guda ya wuce ba wanda ya ambaci makulli. Na fara zargin kaina da mugun zato. Sai Asabe ta tambaye ni ko akwai wurin da nake son gani. Na ce akwai. A littafin tarihin da muka yi karatu da shi akwai zanen jirgin ruwan yaƙi, kyaftin yana tsaye a sama, hannunsa bisa sitiyari, idonsa a kan teku. Wannan zane na kwafe shi da alli a allunan makarantun Runka, da Babban Duhu, da duk inda aka tura ni koyarwa. Da shi nake koya wa yara ma'anar shugabanci: mai gani shi ke riƙe da tuƙi. Na ji an ce akwai irin wannan jirgi da ya yi yaƙi a zamanin iyayenmu, an ɗaure shi a bakin ruwa ya zama gidan tarihi. Ina so in gan shi, in tsaya inda kyaftin ke tsayawa, a ɗauke ni hoto hannuna bisa sitiyari. A zuciyata kuma na san inda zan rataye hoton: a zaure, inda Malam Iro zai riƙa ganinsa kullum.

Na sa babbar riga ta shadda da hula mai tsayi. Asabe ta dube ni ta ce, "Baba, akwai tsani fa da yawa." Na ce mata ba a zuwa gidan manya da 'yar shara.

Jirgin ya fi duk yadda na zana shi. Dogo ne kamar unguwa guda, launin toka, bindigoginsa kowace mutum zai iya zura kai a bakinta. Wanda aka haɗa mu da shi ya zagaya da mu wani tsohon sojan ruwa ne mai suna Mista Denis, sa'ana ne ko ya girme ni kaɗan, ya yi ƙuruciyarsa a irin waɗannan jirage, yanzu yana wannan aiki ne don sha'awa. Da ya ji ni tsohon hedimasta ne sai ya ƙame ya sara mini, ya ce duk duniya ba wanda ya fi tsoro kamar hedimastansa, har da abokan gaba. Nan take muka shaƙu.

Ƙofofin jirgin gajeru ne, kuma kowace tana da dokin ƙofa mai tsayi, sai ka ɗaga ƙafa ka sunkuyar da kai lokaci guda. Ta farko ta tuɓe mini hula. Ta biyu ta kama hannun riga. A ta uku na tuna durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, na cire babbar rigar na naɗe, Hajiya ta riƙe.

Muka hau har can ƙololuwa, ɗakin da kyaftin ke ba da umarni. Tagogi ne kewaye, kana hango gari da ruwa gaba ɗaya. Ga wata doguwar kujera a gefe, ga na'urar nuna gabas da yamma a tsakiya cikin gidanta na gilashi, ga kuma waɗansu bututan tagulla jere, bakinsu a buɗe kamar kakaki, suna ƙyalli. Hajiya ta iso tana haki, ciwon gwiwarta ya motsa. Mista Denis ya kakkaɓe doguwar kujerar ya ce ta zauna. Kujerar kyaftin ke nan. Ta hau, ta ɗora rigata a cinya, ta gyara mayafi, ta dubi teku kamar gadonta ne.

Ni kuwa ina ta dube-dube. Na ce, "Mista Denis, ina sitiyarin?"

Ya yi murmushi ya nuna ƙasa da yatsa. "Yana can ciki, Hedimasta, ƙarƙashin ruwa, bayan ƙarfe mai kauri. Nan sama shi abokan gaba ke fara hari. In aka ajiye tuƙi a nan, harbi ɗaya ya raba jirgi da hannunsa."

"To kyaftin fa, me yake riƙewa?"

"Kofin shayi," in ji shi. "Kyaftin ba ya taɓa sitiyari. Gani ne aikinsa. Ya gani, ya yi magana a bututun nan, na ƙasa ya juya."

Na tuna yawan allunan da na ɓata da alli. Akwai alƙalai da 'yan majalisa a jihar nan da suka tashi da zanena a ka. Ina neman afuwarsu.

Hajiya ta ce ba inda za ta, mu je mu dawo. Muka bar ta da wata ma'aikaciyar wurin, muka sauka hawa ɗaya zuwa ɗakin da ake tattara labarin yaƙi. Wannan ɗaki ba taga ko ɗaya, sai wani ja-jan haske mai rauni. A nan ne duk abin da na'urori suka hango, da duk saƙon da ya shigo ta wayar iska, ke haɗuwa kafin a kai wa kyaftin. Da na sa kai sai na ga mutane uku zaune, sanye da kayan aiki, abin saurare a kunnuwansu, sun duƙufa a kan tebur.

Ɗan Batsari ba ya shiga ɗaki ya iske maza zaune ya wuce su kamar turaku. Na tsaya na yi sallama da Turanci. Na yi musu sannu da aiki, na tambayi lafiyarsu da ta iyalinsu, na gabatar da kaina da garina. Ba wanda ya ɗago. Na matsa kusa da na farkon, wanda na ga alamar shi ne ƙaraminsu, na ce masa a makarantata yaron da babba ya gaishe shi ya yi shiru, ranar ba zai ci abincin rana a zaune ba. Na miƙa masa hannu duk da haka, don in koya masa. Hannun da na kama sanyi ƙalau, da tauri kamar muciya.

Mutum-mutumi ne, su ukun duka.

Mista Denis mutumin kirki ne. Ya yi sauri ya ce hasken ɗakin ne, kuma ba ni ne na farko ba. Ya ja ni ya nuna mini wani allon gilashi tsaye a tsakiyar ɗakin. Ya ce mai rubutu yana tsayawa a bayansa ne, ya rubuta komai a juye, daga dama zuwa hagu kamar mai ajami, domin hafsoshin da ke gaba su karanta daidai ba tare da ya tare musu gani ba. A matsayina na wanda ya shekara talatin da biyar yana juya wa aji baya, na jinjina wa wannan dabara, kuma na yi ta yabonta da ƙarfi fiye da yadda ta cancanta. Amma ina jin Asabe a bayana. Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga nan muka ci gaba da sauka, tsani bayan tsani, kuma doka ce ka juya ka fuskanci tsanin kamar mai sauka rijiya. Iska ta canza, ta koma warin mai da tsohon fenti. Can a ƙasa, cikin wani ɗan ɗaki da bai kai rumbu faɗi ba, muka same shi. Sitiyarin jirgin da ya girgiza teku bai fi na Dattijuwa girma da yawa ba. Gabansa bango ne na ƙarfe. Ba taga, ba huda. Sai wani faifai mai lambobi a saman kai, da bakin bututun tagulla daidai kunne.

Na kama shi da hannu biyu, sai wata hujja ta faɗo mini, na ji daɗinta har cikin ƙashi. Na juya na ce wa Asabe da Hausa, sannan na maimaita da Turanci don Mista Denis ya zama shaida: "Kin gani ko? Wannan jirgi ya ƙetare tekuna, matuƙinsa bai ga ko tafin hannun ruwa ba. Wani ne ke gani yana faɗa masa. To mene ne laifina da mahaifiyarki?"

Mista Denis ya nemi bayani, Asabe ta ba shi labarin Dattijuwa a taƙaice, har da tumatir. Ya yi dariya har ya dafa bango. Sannan ya ɗauko 'yar wayarsa ta aiki ya yi magana da ma'aikaciyar da ke sama. Ya ce bututun nan har yanzu yana aiki, bari a gwada ni.

"Amma akwai doka, Hedimasta," in ji shi. "Matuƙi ba ya cewa ya ji, ba ya cewa ya sani. Duk abin da aka faɗa daga sama sai ya maimaita shi kalma da kalma, don na sama ya tabbata abin da ya faɗa shi ne ya iso. Ko da matuƙin ne ya haifi kyaftin."

Na kara kunne. Da farko sai huci kamar na iska a cikin tulu. Sannan muryar da na sani shekara arba'in da shida ta gangaro ta cikin ƙarfen Turawa, a natse, ba gaggawa.

"Alhaji. Hagu. Akwai rami."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Na gani."

Mista Denis bai san Hausa ba, amma ya san kalma biyu ba su kai huɗu ba. Ya girgiza kai. Na gyara tsayuwa, na sa baki a bututun na ce, "Hagu. Akwai rami." Na juya sitiyarin.

Sai muryar ta sake saukowa. "'Yar nan, kina kusa? Ki rubuta ranar yau."

Na yi zaton na ci jarrabawa. Sai Mista Denis ya nuna faifan nan mai lambobi da ke saman kaina. Ya ce matuƙi ba ya ganin teku, gaskiya ne, amma ba makaho ba ne. Idonsa ba ya barin wannan faifai, domin in an ba shi lamba daga sama, da shi yake tsayar da jirgi a kanta. Ya ce, "Wace lamba allurar take nunawa yanzu, Hedimasta?"

Na ɗaga kai. Na gyara tabarau. Na matsa har hulata ta taɓa ƙarfe. Na san akwai faifai, na san akwai baƙaƙen abubuwa a jikinsa. Abin da na iya gani ke nan.

Can Mista Denis ya ce, a hankali, shi ma shekara uku ke nan da ya ba 'yarsa makullin motarsa, kuma ya yi wata guda ba ya amsa wayarta. Ya ƙara da cewa teku fili ne, jirgi yana da lokacin da zai saurara ya maimaita ya juya. Ya tambaye ni ko awakin garinmu suna ba da irin wannan lokaci.

Na tuna mai tumatir. Na tuna cewa a inda kwandon yake, ranar wata kasuwar, jikar wani ce za ta iya kasancewa a tsugune. Wannan tunani ya daɗe yana bina, ni ne dai nake ce masa "na gani" in wuce.

Na sa hannu a aljihun 'yar ciki na ciro makullin. Ya bi ni daga Batsari zuwa Kano, ya tayar da ƙararrawa, ya ƙetare teku. Na kama hannun Asabe na sa mata shi, na naɗe yatsunta a kai. Ba ta roƙa ba, ban yi jawabi ba. Ta durƙusa a wannan ɗan matsattsen wuri har gwiwarta ta bugi ƙarfe, ta ce, "Allah Ya ƙara girma, Baba." Muryarta ba daidai take ba, sai na ce mata ta tashi kada ta ɓata tufafinta da mai.

Hoton da na zo nema an ɗauka, amma ba ni ne a ciki ba. Hajiya ce bisa kujerar kyaftin, babbar rigata a cinyarta. Shi ke rataye a zaure yanzu.

Kafin mu taso, Asabe ta kai ni wurin likitan ido. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage a tattala shi, ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma. Ashe tun kafin mu zo ta karɓi ranar ganinsa. Tarkon dai yana nan, ni ne na riga shi faɗawa.

Makullin a jakar Hajiya ya dawo Batsari. Yanzu Malam Iro ke jan Dattijuwa, kuma ina shaida cewa yana canza giya da ladabi. Ni ina gaba, Hajiya ta koma kujerarta ta baya. Fitarmu ta farko zuwa Safana, mun ɗan yi nisa sai ta ce, "Rami." Na ce, "Rami." Malam Iro ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe." Na sa ya tsaya a gefen hanya, na karanta masa dokar jirgin yaƙi daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya sosa ƙeya ya ce, "To na ji ni ne matuƙi. Kai ne kyaftin ke nan, Hedimasta?"

Na buɗe baki in amsa, sai na tuna wanda ke gani a cikin motar nan. Daga kujerar baya aka yi gyaran murya.

Saboda haka, ga masu tambaya a ƙofar masallaci: e, na daina tuƙi, kuma ban zama kyaftin ba. Hajiya ke gani, Malam Iro ke juyawa, ni ne bututun da ke tsakani. Wanda ya ga wannan muƙami ƙarami ne, ya sani na zagaye jirgin nan daga ƙololuwa har ƙarƙashin ruwa, na ga bindigogi sun yi shiru, na ga fenti ya dushe, amma Mista Denis ya tabbatar mini cewa bututun tagulla, har yau, shi ake fara gogewa kowace safiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu, Ya dawo da mu, Ya kuma bar mini abin da zan ga wannan takarda da shi.